Shagon littattafan gwanjo na Adum: ku wuce na gaba, ku nufi kantar baya

Salamu alaikum ƴan uwa. Da yawanku kuna tambayata ina nake samo ƴan siraran littattafan nan na tarihin ƙauyukan Ingila da coci-cocinsu, to wani shagon littattafan gwanjo ne a Adum cikin garin Kumasi, kuma tunda tambayar ta yi yawa bari in baje muku komai gaba ɗaya, mai daɗi da mara daɗi, don kada mutum ya taso tun daga Aboabo ko Sawaba ya sha cunkoson Kejetia sannan ya dawo yana cewa na yaudare shi. In da maki biyar ake bayarwa to huɗu zan ba shi, kuma huɗun nan kusan duk saboda kanta ɗaya ce tak da ke can ƙuryar shagon.

Wurin ba shi da allon suna. In ka baro Kejetia ka hau tudun Adum ta ɓangaren babban cocin Wesley na Methodist, a lungunan da ke bayan manyan kantunan nan yake, za ka gane shi da tulin littattafan makaranta a kan tebur bakin ƙofa. Mai shagon dattijo ne Batone, wato ɗan Asante, tsohon ticha da ya yi ritaya, kowa Masta yake ce masa, sannan akwai wani yaro ɗan Asawase da ke taya shi, shi Hausa yake yi sosai, to ko Turancinka ko Tonancinka bai nuna ba ba za ka rasa mai jinka ba. Gaban shagon kayan ɗalibai ne, littattafan jarrabawar BECE da WASSCE, ƙamus, labaran soyayya na Turawa da takardarsu ta yi ja. Ka wuce su duka. Can baya ƙasa-ƙasa jikin bango akwai kanta ɗaya da kwalaye a ƙarƙashinta, nan ne wurin. Masta yace kayan a kwantena suke zuwa ta tashar jiragen ruwa ta Tema tare da sauran gwanjo, in tsoho ya mutu a can aka kwashe gidansa ko coci ya yi kasuwar tara kuɗi, abin da bai sayu ba sai a ɗura a kwali a turo. Shi ya sa ba ka yin oda, abin da ya zo shi ya zo.

Kayan kantar iri uku ne. Akwai ƴan sirara da aka ɗinke da waya, waɗanda ake sayarwa a bakin ƙofar cocin ƙauye, galibi wani limamin cocin ko tsohon malamin makaranta ne ya rubuta tarihin ƙauyensu. Akwai kofen tsofaffin rajistoci da ƙungiyoyin masu son tarihi suka buga da tafireta, suna ne kawai da kwanan wata shafi bayan shafi. Sai manya-manyan na hotuna masu ƙyalli, gidajen ciyawa da furanni, waɗanda Masta ya fi tsawwala wa kuɗi kuma su ne suka fi rashin amfani. Ni na farko da na biyu nake bi.

Na san wani zai ce, Malam me ya haɗa ka da tarihin coci, kai da kake riƙe da littafin kwamitin masallaci? Ai shi ya haɗa mu. Ni ba addininsu na je koyo ba, yadda ƙaramin wuri yake riƙe lissafin mutanensa shi ne ya kama ni, kuma duk ɗan zango da ya taɓa tsayawa gaban teburin wani ofis aka tambaye shi ina aka haifi kakanka ya rasa takarda ko ɗaya da zai miƙa, to ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ku duba yadda suka yi. An yanka Ingila gunduma-gunduma dubbai, kowace da cocinta da limaminta da iyakarta, abin da suke kira farish. A 1538, zamanin Sarki Henri na 8, babban wazirinsa Thomas Cromwell ya ba da umarni kowane limamin coci ya buɗe littafi ya riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, duk auren da aka ɗaura, da duk wanda aka binne, a ajiye littafin a akwati mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya wajen limami ɗaya wajen wakilan jama'a, don kada mutum ɗaya ya iya taɓa shi shi kaɗai. Da aka ga takarda tana ruɓewa, a 1598 aka ce a koma rubutu a kan fata, a kwafe tsofaffin musamman daga 1558 da Sarauniya Elizabet ta farko ta hau, a kuma riƙa aika kofi wajen bishop, babban limamin yankin, duk shekara. Shi ya sa da yawan kofen da za ku gani a kwalin Masta daga 1558 suke farawa ba daga 1538 ba, magatakardan sun ɗauki mai sauƙin ne suka bar shekara ashirin na farko. Wannan dabarar ta kofi biyu a wuri biyu ita ta fi burge ni wallahi, domin gobara ta ci wasu, ɓera ya ci wasu, yaƙin basasarsu na shekarun 1640 ya watsa wasu, amma sau da yawa in na ƙauye ya ɓata sai a tarar da na wajen bishop.

In ka zauna da irin kofen nan da farko za ka ga kamar ba komai, ɗan wane an yi masa baftisma ranar kaza, matar wane an binne ta ranar kaza. Amma ka yi haƙuri ka bi gida ɗaya. Za ka ga aure a wannan shekara, haihuwa a mai zuwa, bayan kwana kaɗan sunan jaririn ya sake fitowa a ɓangaren binnewa, bayan mako sunan uwar, bayan shekara mijin ya sake aure, kuma ɗan da aka haifa gaba an maida masa sunan wanda ya rasu. Ba wanda ya rubuta maka labari amma labarin yana nan gaba ɗaya. Abu ɗaya da zan ja kunnen mai saye, kafin 1752 sabuwar shekararsu ranar 25 ga Maris take farawa ba 1 ga Janairu ba, to in ka ga an binne mutum a Fabrairu 1700 kuma ka ga ya yi aure a Yuni 1700 ba kuskure ba ne, Fabrairun a ƙarshen shekarar take, a lissafin yanzu 1701 ke nan. A 1752 ɗin ne suka gyara kalanda har suka tsallake kwana 11 a Satumba, aka kwana 2 ga wata aka tashi 14.

Akwai wasu ƴan alamu a gefen suna da ba za ka gane ba sai siraran littattafan sun yi maka bayani, shi ya sa nake cewa a haɗa biyun. Misali dokar 1666 da aka ƙarfafa a 1678 ta ce dole likkafanin kowa ya zama na ulun tumakin Ingila, don a raya kasuwar ulu a rage shigo da yadi daga waje, kuma sai dangi sun yi rantsuwa cikin kwana 8 cewa an bi dokar, in ba haka ba tarar fam 5, rabi na wanda ya kai ƙara rabi na matalautan gunduma. Gwamnati har cikin kabari. Sannan daga 1754 auren yawancin mutane bai ɗauru sai a coci, bayan an yi shelarsa Lahadi uku a jere ko an sayi lasisi, wanda bai kai shekara 21 ba sai da yardar iyaye, kuma ango da amarya su sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya yi alama. Daga nan ne masana ke ƙirga mutum nawa suka iya rubuta sunansu a kowane ƙauye, kuma in ka duba da idonka za ka ga alamar ta fi yawa a gefen mata. Gwamnati ba ta fara nata rajistar haihuwa da aure da mutuwa ba sai 1 ga Yuli 1837, wato kusan shekara 300 akwatin coci ne ya riƙe sunan talaka.

To amma kada wani ya ɗauka na zo yabon Turawa ne. Littafin da ya adana sunan talaka shi ne kuma aka riƙa korarsa da shi, kuma nan ne zuciyata ta fi tsayawa. Dokar 1601 ta ɗora wa kowace gunduma ciyar da matalautanta, ana zaɓar masu kula da su, ana karɓar haraji daga masu gida da gona. Abu mai kyau a ido. Sai dai tunda daga aljihunsu kuɗin ke fita ba wanda ke son talakan wani wuri, sai aka yi dokar 1662, baƙo in ya sauka kuma aka ga alamar zai zama nauyi ana iya tasa ƙeyarsa cikin kwana 40 a maida shi gundumarsa ta asali, sai fa in yana iya kama hayar da ta kai fam 10 a shekara. Mafi muni shi ne mace mai ciki da ba ta da miji, tunda ɗan da za ta haifa na inda aka haife shi ne, sai ka ga ana rige-rigen tsallakar da ita iyaka tana kan naƙuda. A littafin kuɗi na masu kula da matalauta ana rubuta abin kamar ba komai, an biya sule kaza kuɗin amalanken da ya fitar da mace daga gari. Da na karanta wannan iyayenmu na tuna, Nuwamba 1969 zamanin Firayim Minista Busia, da aka ba baƙi marasa takarda kwana 14 su bar Ghana, mutanen da wasunsu a nan Kumasi aka haife su kuma a nan aka binne iyayensu, suka sayar da gida da kaya a wulaƙance suka hau manyan motoci. Har yau akwai gidajen da in ka tambayi tsofaffi za su ce maka ai na wane ne da, ya tafi lokacin kora. Wa ke ɗan gari wa ke baƙo, kuma wace takarda ce za ta raba gardama, tambayar ɗaya ce can da nan.

Ɓangaren gandu kuwa, abin da suke kira mano, shi siraran littattafan kusan duk da shi suke buɗewa, da layi biyu ko uku daga babban littafin ƙidayar nan Domesday na 1086. Wiliyam na Nomandi da ya ci Ingila da yaƙi a 1066 shi ya aika a ƙirga masa abin da ya ci, wurare sama da 13,000, kowanne wa ke riƙe da shi da, wa ke riƙe da shi yanzu, garma nawa, injin niƙa na ruwa nawa, manoma nawa, bayi nawa, kuɗin shigarsa nawa. Littafin yana nan har yau a ma'ajiyar takardun ƙasa da ke Kew a Landan. Manomin gandu ba bawa ba ne sosai amma ba shi da ikon tashi ya bar wurin, yana yi wa ubangida noma wasu kwanaki a kowane mako kafin ya taɓa tasa gonar, dole a injin ubangida zai yi niƙa ya biya, in zai aurar da ƴarsa ya biya, in ya mutu kuma ubangida ya zo ya zaɓi dabbar da ta fi kyau a garken ya tafi da ita. Duk wannan a kotun gandu ake rubutawa a kan fata a naɗe. Shi ya sa da talakawa suka yi bore a 1381 ƙarƙashin Wat Tyler, wurare da yawa abin da suka fara nema su ƙona shi ne waɗannan naɗaɗɗun fatun. Sun san inda igiyar take. Abin da ya sassauta ta kuwa annobar 1348 zuwa 1349 ce, wadda ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen ƙasar, hannu ya yi ƙaranci, ɗan ƙodago ya samu bakin magana.

Na samu wani ɗan littafi a can kan ƙauyen Laxton da ke Nottinghamshire, wanda har yau suna noma manyan filaye uku a buɗe ba shinge, kowa da ƴan kunyoyinsa a warwatse, kuma kotun gandun tana zama duk shekara, ana rantsar da mutane su zaga gonaki su duba wa ya ci iyakar wani a ci shi tara. Ƙauyuka da yawa kuwa an killace filayensu da dokokin majalisa musamman tsakanin 1750 da 1850, mai ƙaramin ƙarfi ya rasa makiyayar da saniyarsa ke ci kyauta. Da wani kan Wharram Percy a Yorkshire, ƙauyen da aka tashi mutanensa wajen 1500 don a saki tumaki, yanzu sai kangon coci da tudun-tudun inda gidaje suke. Duk mai bin rigimar filaye a gefen Kumasi yau, gona ta koma fuloti dare ɗaya, zai karanta waɗannan biyun ba tare da an yi masa fassara ba.

Zancen ushirin coci zan wuce shi da sauri duk da littattafan suna ɓata shafuka a kai. Kashi ɗaya cikin goma na hatsi da ciyawa da ƴan raguna har da ƙwai na limami ne, ko kana zuwa cocinsa ko ba ka zuwa, ana tarawa a manyan rumbunan dutse. A 1836 aka maida shi kuɗi, kuma don a san abin da kowace gona za ta biya aka zana taswirar gundumomi da yawa gona-gona da lamba da sunan mai ita da sunan mai nomanta. In ka ga ɗan littafin da ke da irin taswirar nan a naɗe a bayansa, ka ɗauka ko da bangon ya yage.

Wanda na fi so a duk abin da na saya shi ne na Eyam, wani ƙauye a Derbyshire. A 1665 aka aiko wa telan garin ƙunshin yadi daga Landan, annoba ta biyo shi. Limamin cocin William Mompesson tare da tsohon limamin da aka tuɓe Thomas Stanley, mutum biyu da ba sa jituwa a aƙida, suka haɗa kai suka shawo kan mutanen gari kada kowa ya fita don kada a kai wa maƙwabta. Ana ajiye musu abinci a bakin iyaka su kuma su bar kuɗi cikin ruwan tsami, ibada a fili, kowa ya binne nasa. Mutum wajen 260 suka mutu kafin ƙarshen 1666, har da matar limamin, kuma wata mata Elizabeth Hancock ta binne mijinta da ƴaƴanta shida cikin kwana 8. Mu da muka san hadisin da ya ce in annoba ta sauka a gari kuna ciki kada ku fita, in kuna waje kada ku shiga, ai sai dai mu jinjina. Kuma dalilin da ya sa aka san su ɗaya bayan ɗaya da sunansu da ranar da aka binne kowa, rajistar nan ce dai.

Wani daɗin kantar kuma shi ne in kana tonawa sai ka ci karo da garinmu a inda ba ka zata ba. Thomas Birch Freeman, ɗan mishan na Methodist da ya shigo Kumasi a 1839 zamanin Sarkin Asante Kwaku Dua na farko, a ƙauyen Twyford na Hampshire aka haife shi a 1809, ubansa ɗan Afirka uwarsa Baturiya, ya yi aikin lambu a gidan wani babban mai ƙasa kusa da Ipswich kafin ya bar aikin saboda wa'azi, kuma a Akra ya rasu a 1890. Wato cocin da kake wucewa kafin ka isa shagon ma da zare ɗaya ya haɗu da irin ƙauyukan nan. Sannan na samu ɗan littafin cocin Whippingham a tsibirin Wight, inda aka binne Yarima Henri na Battenberg surukin Sarauniya Biktoriya, wanda ya biyo rundunar da ta zo Kumasi a 1896, zazzaɓin cizon sauro ya kama shi a hanya ya mutu a jirgin ruwa. Littafin ya yi dogon bayani kan kabarinsa da adon da aka yi masa, amma ko layi ɗaya babu kan Sarkin Asante Prempeh na farko da rundunar ta kama, wanda aka kai har Seychelles bai dawo ba sai 1924.

Nan ne babban aibin littattafan kansu, kuma ya kamata mai saye ya sani tun kafin ya biya. Yawancin marubutan suna jin kunyar masu gandu, domin sau da yawa gidan ne ke da ikon naɗa limamin cocin, su suka gyara rufin, kujerarsu ce a gaba. Sai ka ga shafi biyar kan tagogi da ginshiƙai da allunan tunawa da iyalin, a ce wane ya yi arziki a kasuwancin Jamaika a wuce, ba a faɗa maka gonar rake ce da bayi ba, bayin da wasunsu daga gaɓar nan tamu aka kwashe su. Da aka yi dokar ƴanta bayi a 1833 fam miliyan 20 gwamnatinsu ta ware diyya, kuma masu bayin aka biya ba bayin ba. To ka karanta da idonka a buɗe. Abin da suka rubuta yawanci daidai ne, abin da suka tsallake ne sai ka cike da kanka.

Shagon shi ma yana da nasa. Na ɗaya danshi, kantar tana jikin bangon da ke tsotsar ruwa in damina ta kankama, na ƙasan kwali da yawa sun manne sun yi baƙi-baƙi da wari, kuma gara ta fara taɓa wasu. Na yi wa Masta magana yace Malam zan ɗaga su, har yanzu dai suna ƙasa. Wannan shi ya cinye maki ɗayan, domin wasu daga cikin ƴan littattafan nan ɗari kaɗan aka buga tun asali, wanda ya ruɓe a nan ba lallai a sake ganin irinsa a ƙasar nan ba. Na biyu babu jeri babu tsari, na Yorkshire a kan na Kent a kan littafin girki, sai ka tsuguna ka tona da kanka, fitilar ƙuryar kuma ba ta da ƙarfi, in aka ɗauke wuta sai tocilan ɗin waya. Na uku yana raba saiti, in rajistar gari ɗaya ta zo kashi uku zai iya sayar wa mutum uku daban, alhali na tsakiya shi kaɗai ba ya yi maka komai.

Farashi kuwa da kauri yake yanka shi ba da abin da ke ciki ba, wanda ya zama alheri gare mu. Siraran ba su kai kuɗin waakye da ƙwai ba, in ka haɗa da yawa yana ragewa ba sai kun yi ta ja-in-ja ba. Akwai wani jan babban kundi ɗaya daga jerin Victoria County History da ya ɗora a sama yana kiran kuɗi mai nauyi, jerin da aka fara tun 1899 don rubuta tarihin kowane lardi na Ingila kuma har yau ba a gama ba. Aiki ne na gaske, ya fi siraran tantancewa nesa ba kusa ba, amma da yawan kundayen suna intanet kyauta a British History Online, to in ba don ka ajiye a ɗaki ba ne ban ga dalilin biyan wannan kuɗin ba. Mu'amalarsa dai ba laifi ko kaɗan, ba ya korar mai karatu a tsaye, zai ba ka benci, in lokacin azahar ya yi ka bar kayanka ka je ka dawo ka tarar da su yadda ka bari. Yaron ma akwai kirki, da ya hango ni sai yace Kawu an buɗe sabon kwali na ware maka irin naka.

Amfanin da na ci kai tsaye shi ne tsarin shafi. Daga 1813 rajistocinsu suka koma bugaggen fom mai gida-gida, na haihuwa da sunan uba da uwa da unguwa da sana'ar uba, na binnewa da shekarun mamaci. Shi na kwaikwaya na ja layi a littafin masallacinmu, na suna daban, na ɗaurin aure daban da waliyyai da shaidu da sadaki, na jana'iza daban da maƙabartar da aka kai mutum, na ƙara gida ɗaya da su ba su da shi, garin da kakan mutum ya fito, Kano ne ko Sakkwato ko Salaga ko Yendi ko Wagadugu. Liman yana riƙe da littafin, ni kuma ƙarshen kowane wata ina ɗaukar hoton shafukan a ajiye a wani gidan daban. Mu ba baƙin rubutu ba ne, malamanmu sun bar wasiƙu da waƙoƙi da ajami da Larabci, tsofaffinmu kuma sun haddace salsalar gidaje, amma na sarakuna da manyan malamai aka fi riƙewa, mai dakon goro da mai sayar da koko da jaririn da ya yi kwana uku ya koma ba su cika shiga ba. Duk sakataren masallaci ko na ƙungiyar unguwa, da ɗaliban tarihi da ke neman yadda ake rubuta tarihin wuri ɗaya ƙarami, su nake wa wannan shagon.

In za ku je ku je da safe kafin rana ta daki kwanon, ranar aiki ta fi Asabar sauƙin cunkoso, Lahadi a rufe yake. Ku tafi da leda da ɗan tsumman share ƙura, mai asma ya sa takunkumi. Yana karɓar momo, wato kuɗin waya, amma tsabar kuɗi ta fi sa shi ragi. Ku buɗe tsakiyar kowane littafi ku duba ko shafukan sun manne kafin ku biya don ba ya karɓar kaya in sun fita, in kuma kun ga an rubuta kashi na ɗaya ko na biyu a bango ku sa yaron ya tono sauran a kwalin tun kuna tsaye.